Rabin Shafin Abednego

Litinin, 18 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Fasto ya ce ni zan rubuta tarihin ƙanena Abednego, wanda za a buga a takardar biso, wato jana'iza, a kuma karanta a coci. Wai ni ce babba, ni ce mai boko a gidan. Ya ce kada ya wuce shafi ɗaya. Na ce to. Na sayi wannan littafin don in fara tsarawa, ga shi na ɓata layi biyar ban rubuta komai a kansa ba.

Ranar Juma'a aka kira ni, ina kemis a Kafanchan ina auna wa wata mata maganin tari. Lambata Nego, kamar yadda muke kiransa a gida, ya ba su a wurin aiki, ba ta Baba ba. Hafsan da ya kira ya yi magana a hankali, kamar wanda ya saba. Ya ce soja Abednego Zamani ya rasu da asuba a asibitinsu can gabas, zazzaɓin taifod ne ya huda masa hanji. Na gama auna maganin, na miƙa wa matar, har na ce mata cokali biyu safe da yamma. Sai da ta fita na zauna a ƙasa a bayan kanta.

Na hau mota zuwa gida, na sami Baba a bayan ɗaki yana wasa fartanya. Na faɗa masa kamar yadda aka faɗa mini. Bai ɗago ba ya ce kada in gaya wa Mama zancen ciwo, shi zai san yadda zai yi.

Jiya a sujada ya san yadda ya yi. Ya miƙe a kujerar dattawa ya ce wa jama'a ɗansa ya faɗi a bakin daga yana kare ƙasa. Mata suka fashe da kuka, maza suka sunkuyar da kai. Ni kuwa na tsaya ina kallon ƙeyarsa.

Talata, 19 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

An haifi Abednego shekara ashirin da uku da suka wuce, a lokacin tonon citta. Ya yi firamare a Fadan Kaje, ya yi sakandare a Kafanchan. Ya shiga soja. Ya rasu.

Layi uku ke nan. Fasto yana tsoron kada in wuce shafi ɗaya.

Abin da na sani game da shi ba irin wanda ake bugawa ba ne. Har ya kai shekara tara yana gudun zakaran gidanmu. Shi ne mai kaɗa babbar ganga a ƙungiyar yaran coci, gangar ta fi shi faɗi, idan suna tafe sai ka ga ganga da ƙafafu biyu. Sau biyu ya je neman aikin soja ana maido shi saboda rama. Karo na uku ya yi wata biyu yana cin burodi da ƙuli-ƙuli dare da rana, ina tsokanarsa ina cewa ko bindigar ma sai ta fi shi nauyi. Ranar da sunansa ya fito ya zo kemis ya ƙame a gaban kanta ya sara mini, ya ce, "Sista Nas, yanzu ki sake faɗa mu ji."

Shi kaɗai yake kirana haka da wasa. Sauran mutane da gaske suke kirana Nas.

Laraba, 20 ga Nuwamba, tsakar rana

Yau ne fas ɗin Nego, hutunsa na zuwa gida, zai fara. Sati biyu aka ba shi.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Samson, ɗan kawunmu, shugaban matasan coci, ya zo da riga a leda ya nuna mini. Hoton Nego ne a ƙirji cikin kaki, an rubuta JARUMI a ƙasa da manyan baƙaƙe. Sun ba da aikin guda sittin.

"Sista Tamar, kin ji wai mutum bakwai ya kashe kafin su samu shi?"

Na ce wa ya faɗa maka.

"Kowa yana faɗa. Har Mama ta ji, ta ce dama yaron tun yana ƙarami ba ya tsoro."

Na ce ya ɗauke rigarsa daga gabana. Ya ce sori, ya ɗauka baƙin ciki ne ya sa. Ranar Lahadi ba a kashe kowa ba, yau Alhamis an kai bakwai. Idan sojoji suka ƙara sati biyu ba su kawo gawar ba, ina jin Nego shi kaɗai zai gama yaƙin.

Na yi dariya da na rubuta wannan. Daga baya na ji haushin kaina.

Asabar, 23 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Na koma Kafanchan in ɗebo kaya, na leƙa kemis. Ban zauna ba wani mutum ya shigo ya ce, "Nas, jikina zafi kwana uku, me zan sha?" Hannuna ya tafi kan kanta da kansa, ya san inda komai yake. Na janye shi. Na ce masa ya je a gwada jininsa. Ya dube ni kamar na zage shi, ya tsallaka kemis ɗin da ke gaba.

Shekara ɗaya na yi a makarantar koyon aikin lafiya na bari. Shekara takwas ke nan ana ce mini Nas, ban taɓa cewa a daina ba. Daɗi yake mini.

A wayata akwai kiran Nego guda huɗu a watan nan. Ban goge ba, ba na kuma buɗe wurin.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, da safe

Ban je sujada ba. Na ce kaina ke ciwo.

Talata, 26 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Yau wani soja ya zo ta'aziyya. Sunansa Lawal, ɗan Kachia, mahaifinsa dillalin citta ne a kasuwa. Ɗaki ɗaya suke kwana da Nego. Ya samu fas, bai ma sauka gidansu ba ya fara biyowa ta nan da jakar Nego a kafaɗa. Ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya durƙusa ya gaida Baba da Mama, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Mama ta riƙe hannunsa ta ƙi saki. Ta tambaye shi ko yana wurin lokacin da abin ya faru. Ya buɗe baki, Baba ya ce, "Yaron ya sha hanya, a ba shi ruwa." Lawal ya dubi Baba, ya dubi rigar Samson da ke rataye a bango, ya rufe bakinsa. Yana da hankali.

Na raka shi bakin titi. Sai da muka wuce gonar Baba ya ce, "Ke ce Anti Nas ko?"

Na ce ni ce.

"Kullum zancenki yake. Kwana goma sha biyu yana fama, Anti. Da safe ya fito fareti yana rawar sanyi, ya ciji leɓe kada oga ya gani. Na ce Abed, mu je wurin likita. Ya ce idan ya je za su kwantar da shi, fas ya tafi, kuma Baba ba mai taya shi tono. Ya ce yayarsa ta faɗa masa abin da zai sha, ai ta fi likitan bataliya."

Ya ci gaba da cewa ranar da ya faɗi, a layin abinci ne, kwano a hannunsa. Shi ya goya shi zuwa mota. Likitoci sun yi aiki a daren, amma sun ce an makara.

"Bai ji tsoro ba," in ji Lawal. "Abu ɗaya ya dame shi, ya ɓata wandonsa a bayana. Yana ta ba ni haƙuri. Na ce kai, ɗan'uwa, wannan har abin magana ne?"

Ba zargina ya zo yi ba. Yana faɗa ne kamar mai yabona, wai ga yadda ƙanena ya yarda da ni. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 27 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Na buɗe jakar. Kaki biyu, Littafi Mai Tsarki, sabulu, atamfa ɗaya da ya saya wa Mama. A aljihun gefe akwai fankon magani iri uku. Na san su, ni na karanta masa sunayensu a waya harafi harafi.

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tunda littafin nawa ne.

Ya kira ni ranar uku ga wata ya ce zazzaɓi da ciwon ciki. Na ce maleriya ce. Ya kira ranar shida ya ce bai sauka ba, yana tunanin zuwa asibitinsu. Na ce, "Idan ka je za su riƙe ka, fas ɗinka ya bi ruwa. Wata goma sha tara ba mu gan ka ba. Ka daure ka zo gida, ni zan duba ka da kaina." Ya kira ranar tara, na canza masa magani. Ya kira ranar sha biyu ya ce cikin ya ɗan lafa amma ya yi tauri. Na ce ka gani, sauƙi ya fara zuwa.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na sha faɗa wa wasu wannan maganar.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

An aiko cewa za a kawo shi ranar shida ga Disamba, biso washegari. Mai buga takarda yana son tarihin kafin Talata.

Na rubuta rabin shafi, na kai wa Baba a gona. Shekara biyu ciwo yana cinye cittar ƙasar nan tun tana ƙasa, bana ne kawai ta yi kyau, ga ta nan ta nuna ba mai tonowa sai shi da bayansa mai ciwo. Ya goge hannu a wando ya karɓa, ya nisanta takardar daga idonsa yana bi da yatsa. Da ya kai layin ƙarshe ya tsaya.

"Mene ne wannan?"

Na ce abin da ya faru ne, Baba. Ya yi rashin lafiya a bakin aiki, ya rasu a asibiti. Ban ma sa komai nawa a ciki ba, iyakar abin da na iya ke nan.

"Na tsaya a gaban ikilisiya na yi magana. Kina so in zama maƙaryaci da furfurata?"

Na ce ba ni na sa shi ya yi maganar ba.

Ban taɓa mayar wa Baba magana haka ba. Ya dube ni, idonsa ja. Ya ce ɗansa ba zai shiga ƙasa ana cewa zawo ya kashe shi ba, yara suna dariya a bayan coci. Ya ce soja ne, a wurin yaƙi ya mutu, ko ba a wurin yaƙi yake ba? Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya koma ya kama fartanya. Yana sara ƙasa da ƙarfi har yana raba cittar biyu, shi da yake yi mana faɗa idan muka ƙwarzane guda ɗaya.

Na san Baba da girman kai, amma ban san shi da ƙarya ba. Wannan ne yake ba ni mamaki.

Asabar, 30 ga Nuwamba, da rana

Sun ce mutum goma sha ɗaya yanzu.

Litinin, 2 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Mun wuni ni da Mama a tsakar gida muna tsaga citta muna shanyawa a kan tabarma. Matan zumuntar coci sun taya mu da safe, suka watse da rana ta yi. Muka rage mu biyu, ba abin da ake ji sai wuƙa.

Ba ta dube ni ba ta ce, da yarenmu, "Yaron nan na Kachia ya so ya faɗa mini wani abu, babanku ya tare. A ina harsashin ya same shi?"

Na ce babu harsashi, Mama.

Na faɗa mata duka. Taifod, layin abinci, bayan Lawal. Da na zo kan kira huɗun na so in tsallake, bakina ya ƙi. Na faɗa mata abin da na ce masa ranar shida ga wata, kalma kalma.

Ta ajiye wuƙa. Ta daɗe tana kallon hannuwanta. Na jira ta mare ni ko ta rungume ni, ba ta yi ko ɗaya ba.

"Sati biyu ina kwana ina ganin ana harbinsa," ta ce. "Ina ganinsa a daji shi kaɗai, ba mai rufe masa ido. Ashe a kan gado yake, da mutum a kusa da shi. Kuka bar ni da wancan."

Na ce Baba yana jin kunyar irin ciwon ne.

"Kunya. Ni na wanke masa zawo shekara uku, ban ji kunya ba. Ɗana ne a lokacin, ɗana ne yanzu."

Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba. A kan nawa laifin ba ta ce uffan ba. Da za ta tashi ta dafa gwiwarta, ba kafaɗata ba kamar yadda ta saba.

Laraba, 4 ga Disamba, ƙarfe ɗaya na rana

Takardun sun fito, guda ɗari uku. Baba ya ba Samson rubutuna ya kai wa mai bugawa, bayan ya sa an gyara layin ƙarshe. Yanzu yana cewa, "Ya faɗi a bakin daga yana fuskantar abokan gaba, kamar jarumi." A ƙasa an sa: Tamar Zamani ce ta rubuta, a madadin iyali.

Sauran duk nawa ne, har zancen ganga. An bar mini ganga an ɗauke mini gaskiya.

Ina iya karanta shi haka. Minti uku ne, kowa ya ce amin, a tafi cin shinkafa. Babu wanda zai taɓa tambayata me na ce masa a waya, domin wanda harsashi ya kashe ba a tambayar wa ya ba shi magani. Ƙaryar Baba ta fi rufa mini asiri fiye da kowa a gidan nan. Na ga wannan tun ranar farko, shi ya sa na yi shiru a coci. Ba don girman Baba ba ne.

Juma'a, 6 ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma

Sun kawo shi. Akwatin a lulluɓe da tuta. Mutum shida suka ɗauka, amma huɗu ma sun isa.

Asabar, 7 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

An gama.

Cocin ya cika har waje, matasa sun jeru da rigunansu, sojoji takwas a gefe, Lawal a cikinsu. Zumuntar mata suka yi waƙa biyu. Fasto ya kira sunana.

Na hau da takarda biyu, bugaggiya a sama, wadda na sake rubutawa da hannuna a ƙasa. Har na fara ban san wadda zan ƙare da ita ba. Na karanta haihuwarsa, makarantarsa. Da na zo kan ganga mutane suka yi dariya kaɗan, irin ta masu hawaye. Kowa yana bi da ido a tasa takardar. Na kai layin ƙarshe, na ga Mama a kujerar gaba tana kallona. Ita kaɗai ce ba ta riƙe takarda ba, tunda ba ta karatu.

Na ce, "Abednego bai mutu da harsashi ba. Taifod ne ya kashe shi. Ya yi kwana goma sha biyu yana fita aiki da zazzaɓi, yana ɓoyewa, don kada a hana shi zuwa gida tonon citta. Ya so ya je asibiti, ni yayarsa Tamar na ce kada ya je. Ni ba nas ba ce. Abokinsa Lawal ne ya goya shi. Shekararsa ashirin da uku."

Na ji ƙarar takardu, mutane suna juyawa suna neman inda nake karantawa. Wata murya a baya ta ce Yesu. Samson ya naɗe hannu a ƙirji ya rufe rubutun rigarsa. Ban dubi Baba ba. Na sauko, na rasa inda zan zauna. Mama ta matsa ta ba ni wuri. Ba ta taɓa ni ba, amma ta matsa.

Fasto ya yi tari, ya ce a buɗe littafin waƙa. A bakin kabari sojoji suka harba bindiga sama kamar yadda suke yi wa kowane soja, suka ninke tutar suka miƙa wa Baba. Ya karɓa da hannu biyu.

Wasu sun gaishe ni da za su tafi, wasu sun bi ta wata ƙofa. Wata goggonmu ta ce mini akwai maganar da ake bari a cikin gida. Wataƙila tana da gaskiya. Ban ji sauƙi ba, in ma an ce ana ji. Na dai daina jin kamar na haɗiye dutse.

Lahadi, 8 ga Disamba, da yamma

Baba bai je sujada ba. Bai zauna a cikin masu karɓar gaisuwa ba. Na kai masa abinci, ya juya fuska bango.

Litinin, 9 ga Disamba, da rana

Haka dai.

Talata, 10 ga Disamba, ƙarfe goma na safe

Na haɗa jakata zan koma Kafanchan. Na je in yi masa sallama, ko ya amsa ko kada ya amsa. Na same shi a bayan ɗaki a kan turmi, ba ya yin komai. Na durƙusa na ce Baba, zan tafi.

"Sau nawa ya kira ki?"

Na ce sau huɗu.

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana murza babban yatsansa a tafin hannu.

"Ni sau ɗaya ne. Ranar goma ga wata. Ya ce Baba, jikin ya ƙi, ina ganin zan kai kaina asibiti ko da fas zai tafi. Na ce masa namiji ba ya kwanciya don ciwon ciki. Na ce cittar ta nuna, bayana ba zai iya ba, ya daure. Ya ce to, Baba."

Na zauna a ƙasa. Sati uku da rabi ina jin haushinsa a kan girman kai, ashe abu ɗaya muke ɓoyewa a ɗaki biyu. Tausayinsa ya kama ni.

"Ke kin tsaya a gaban mutane kin faɗi naki," ya ce. "Ni dattijo ne, ban iya ba. Ina takardar taki? Ta hannu."

Na ciro ta daga cikin littafin nan na ba shi. Ya nisanta ta daga idonsa, ya bi da yatsa har ya kai inda na rubuta cewa ni yayarsa na ce kada ya je. Ya ɗora yatsa a wurin ya miƙo mini.

"Ki ƙara sunana a nan. Sannan ki kira mamanku, ki karanta mata ina zaune."

Na ƙara da biro. Wurin ya yi kaɗan, sai da na rubuta a gefen shafi. Na ajiye jakar, na tafi kiran Mama.